Jiran Kaka a Jibiya: Sawun Maharban Kurciya

Hanyar Katsina zuwa Jibiya ba ta kai kilomita 50 ba, amma a ƙarshen watan Satumba mai lura da gona zai ga damina iri-iri kafin ya sauka. Da muka wuce barikin Natsinta gero na tsaye, ganyen ƙasa ya fara bushewa. Wajen Daddara an riga an kwantar da wasu gonakin, kara na shan rana layi-layi. Can gaba kuma ga wata gona kore shar, zangarniyarta ko bununi ba ta gama zubarwa ba, alamar mai ita ya makara da shuka, ko kuma ruwan farko ya yaudare shi har ya sake. Sauran fasinja hankalinsu na kan shingayen da ke hanya da farashin buhu. Ni kuwa gonakin nake ƙirgawa, domin na zo neman mutanen da ke lissafin girbin gonar da ba tasu ba, wato maharban kurciya da hasbiya.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, kuma wani mai awon hatsi ne ya haɗa ni da wanda nake nema. Dattijo ne siriri, manomi da damina, maharbi da kaka, irin mutanen da ba su ɗaga murya. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan takalmina.

"Malam, ka iya tahiya ƙasa?"

Na ce, "Baba, zan gwada."

Da la'asar sakaliya muka fita bayan gari, babu bindiga, babu jaka, sai sanda. Na zaci mantuwa ya yi. Ashe makonnin da ke gabanin girbi ba na harbi ba ne, na yawo ne. Yakan tsaya a bakin kowace gona, ya yi sallama ko da bai ga kowa ba, ya janyo zangarniya ɗaya ba tare da ya karya ta ba, ya murje ƙwaya biyu ko uku a tafin hannu. Ya danna ɗaya da farce. In farin ruwa ya fito, da sauran lokaci. In ta yi tauri, sai ya juya gindinta ya nuna mini wani ɗan baƙin ɗigo a inda take manne da zangarniya: gero ya gama shan abin da zai sha daga kara, saura bushewa. Daga nan yake ƙidayar kwanaki. Amma ƙwayar ba ta isa ba, sai ya haɗa da halin mai gona. Wannan yana da 'ya'ya maza a gida, gobe ma sai ya sare. Wancan sai ya sayar da akuya kafin ya ɗauki 'yan ƙwadago, don haka gonarsa za ta ƙara mako. Na ukun yana da bashin taki a wuyansa, ba zai jira ta bushe sosai ba. Na sha zama da malaman gona masu takardu, ban cika ganin wanda ya san yanki gona-gona haka ba.

Dalilin wannan wahala shi ne lokacin harbin gajere ne ƙwarai. Muddin gero na tsaye, maharbin kirki ba ya ɗaga bindiga a ciki. Kara ya fi mutum tsawo, kuma ba ka san inda yarinya ta duƙa tana tsinkar yakuwa ko wake ba. Tsuntsun da ya faɗi a cikin duhuwar ma ɓata yake. Sai an sare kara an kwantar, ya sha iska, an yanke zangarniya an ɗaure damma, an kwashe zuwa rumbu, sannan fili ke buɗewa. Ƙwayar da ta zube wajen yanka da ɗauri ita ce ke kiran kurciya. A nan kuma akwai waɗanda suka riga maharbi haƙƙi. Mata da yara masu kala suna shiga da kwanukansu tun da safe, kuma dattijon ya ce shi ba ya zama a gonar da ba su gama da ita ba. Bayan su masu tara kara ne, tunda yanzu kara kuɗi ne, na danni da na abincin dabba, ba a barinsa ya kwana da yawa. Daga nan sai shanu. Da kofato ya tattake wuri, shi ke nan, tsuntsu ya koma wani. Tsakanin fitar masu kala da shigar shanu, 'yan kwanaki ne kawai. Wanda ya jira sai ya ga garken kurciya a sama kafin ya shirya, ya riga ya makara.

Da can, in ji shi, lissafin ya fi sauƙi, domin kusan kowa gero iri ɗaya yake shukawa, irin su zango mai doguwar zangarniya, kuma unguwa guda takan girbe kusan tare. Yanzu ga SOSAT da cibiyar bincike ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yaɗa, ga HKP da ke shigowa daga Nijar, inda cibiyar binciken noma ta INRAN ke da tasha a Tarna kusa da Maraɗi. Waɗannan cikin kamar wata uku sun nuna. Sai ka ga gonaki uku a jere, kowace da ranarta. Ga manomi alheri ne, domin damina ta zama ba ta da tabbas kuma yunwar watan Agusta ba ta jira. Ga maharbi kuwa tsuntsu ya warwatsu, yau nan gobe can.

Washegari na hau babur zuwa Magama, inda iyakar Nijar take. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa, ta bi kusa da Madarunfa ta shiga Maraɗi. An rufe wannan ƙofa daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Duk wanda ke cin abinci a Magama yana da labarin yadda waɗannan watanni suka yi da shi. Abin da ya kai ni dai daban ne. Wajen masu shayi da 'yan acaɓa da ke tsallakawa kullum maharba ke samun labarin da suka fi buƙata: an fara saran hatsi a ƙauyukan Ɗan Isa? Sabon gero ya shigo kasuwa a can? Ana gasa tumu a bakin hanya? Ƙasar noma ɗaya ce, iyaka ce ta ratsa ta, kuma inda ruwa ya fara sauka nan ake fara girbi, nan tsuntsu ke fara taruwa. In an gama a tsallake kafin nan, garken ya kwararo kudu. Maharbi dai ba ya bin sa can. Nijar na da dokar farautarta ta 1998 da ma'aikatan gandun daji masu tsare ta, kuma a halin da ake ciki babu mai hankalin da zai tunkari iyaka da bindiga a kafaɗa. Sai dai ya zauna a nasa ɓangaren ya jira.

Wannan jira ba na Jibiya kaɗai ba ne. A Ingila ma maharban tattabarar daji suna zagaya gonakin alkama da sha'ir a watan Yuli da Agusta, suna tambayar manoma ranar da injin girbi zai shiga, sannan su jera tattabarun roba a kan kututturen da injin ya bari don su yaudari na sama. Bambancin shi ne can injin kan share gona a wuni ɗaya, nan kuwa hannu ne, kuma kowane hannu da matsalarsa. Akwai ma wata alaƙa da ta fi wannan kusa. Cikin kurciyoyin da ake gani a Sahel da kaka har da wata baƙuwa mai zanen baƙi da fari a gefen wuya, wadda ke ƙyanƙyasa a Turai ta ƙetaro Sahara ta yi hunturu a wajenmu. Yawanta ya ragu sosai har ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a 2015, kuma a 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta. Da na kwatanta wa dattijon ita, ya gane ta. Ya ce baƙuwa ce, ba ta wuni a gari, kuma ta fi na gida tsoro.

Amma abin da ya fi rikita lissafin kaka a wannan yanki ba irin shuka ba ne, tsoro ne. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi Jibiya da Batsari da Safana, manomi bai da zaɓin jiran gero ya bushe yadda yake so. Wasu sun yanke shi da ɗanyensa, suka kwashe cikin gaggawa zuwa gari. Wasu sai da suka biya kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Gonakin nesa da yawa ba a ma shuka su ba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. A irin wannan hali ƙarar bindigar toka da asuba ba ta nufin wani zai ci nama, tana nufin mata su ɗauki yara su gudu. Dattijon ya ce da kansa ya rataye tasa, ba wanda ya hana shi. Sulhun da mutanen Jibiya suka ƙulla a farkon 2025 ya sa an koma gonaki da dama, amma har yanzu ba ya fita sai ya gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri ranar da wurin, sannan ya nemi izinin mai gona. Na tambaye shi ko wannan bai dame shi ba.

"Mi za shi dame ni, ɗana? Wanda ya kwana cikin dawa da iyalinai, ai ya cancanci a gaya mai."

Fitar da na samu na raka shi ta kasance a wata gona da ba ta da nisa da madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada zamanin mulkin Janar Babangida. Kogin nan ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Ya zaɓi gonar ne don tana tsakanin itatuwan da tsuntsu ke kwana da ruwan da yake sha. Bayan sallar asuba muka tara kara muka yi 'yar rumfa a gindin wani gawo, muka ba gabas baya don kada rana ta shiga ido. Ya ɗura albarushi da awo, ya danna tsumma, ya zuba ƙananan harsasai, ya sake dannawa. Sai zama. Ƙananan kurciyoyi ne suka fara sauka, bibbiyu, suna tafiya suna kaɗa kai. Bai motsa ba. Bardo mai dogon wutsiya ya gifta, bai ko dube shi ba. Can sai hasbiya suka zo a tare, manya, fukafukansu da ɗigo-ɗigon fari, jan fata kewaye da ido. Suka yi zagaye biyu kafin su yarda da wurin. Ya bari sai da suka haɗa kai a inda aka ɗaure damma, ya yi bisimilla a hankali, ya harba. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Kafin ya washe har ya isa wurin da wuƙarsa, yana yanka waɗanda ke da sauran rai.

Abin da ya yi bayan nan ya fi harbin burge ni. Ya tsaga jakar abincin da ke wuyan ɗaya, ya zazzage a tafin hannu, ya baje da yatsa. Gero ne mafi yawa, amma ga 'yan ƙwayoyin riɗi a ciki. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ambaci gonaki biyu da ya san an shuka riɗi a wannan ɓangaren, ya ce ɗaya an yanke ke nan ba a gaya masa ba. Da haka ya san inda zai leƙa jibi. Bai sake ɗurawa ba. Abin da ya samu ya isa miyar gida da ɗan abin da zai aika wa mai gona, kuma in aka dami wuri da ƙara, tsuntsu kan ƙaurace masa gaba ɗaya.

A hanyar komawa ne ya kawo maganar da ta fi ci masa rai, kuma ta ci mini. Akwai masu jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a fili ko a bakin ruwa, su dawo su tsince gawa da buhu. Ba ruwan guba da hasbiya ko baƙuwar Turai ko zabon gidan wani, kuma naman a cikin cikin mutane yake ƙarewa, sau da yawa yara, tunda su ke rububin soyayyen tsuntsu mai arha. Mushe ne a addini, cuta ce a jiki. Ina ganin wannan magana ce da Sarkin Arewa, Hakimin Jibiya, da dagatansa da limaman Juma'a za su iya kashewa tun kafin ta kai ga hukuma, in aka yi shela a kasuwa kuma masu sayar da maganin feshi suka san ana kallonsu. Maharba irin wannan dattijo su ne za su fara nuna inda ake yi, domin su ke taka gonakin kullum, kuma su ne sana'arsu ke mutuwa in fili ya zama kango.

Gero dai ya kusa ƙarewa, saura 'yan gonakin da suka makara. Hankalinsa ya riga ya koma kan dawa da maiwa, waɗanda sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ya ce kaura za ta riga farfara a yawancin gonakin da ya duba, kuma hasbiya ta fi son filin dawa saboda girman ƙwaya. Akwai wasu gonaki ta wajen Faru da ya daɗe bai taka ba. Bana an shuka su, kuma ya aika wa masu su gaisuwa da goro tun yanzu.