Abin Da Ya Sa Ba Na Sayar Da Harawa

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta shela a rediyo cewa kowane magidanci ya noma wani abu, ko da a bayan gidansa ne. Da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta hau, ita ma ta kafa nata shirin a 1980. Duka biyu sun wuce. Abin da suka bari a zukatan mutane, a ganina, shi ne sabo da takin zamani mai rahusa, har manomi ya ɗauka albarkar gona a cikin buhu take zuwa.

Ni gonata eka huɗu ce, tana manne da dangar gidana a wani ƙauye na ƙasar Kano, ita ce kuwa ke ci da mu, mu bakwai, tun da na bar aikin gwamnati. Da ruwan shuka ya sauka sai mu sa gero, mu ratsa shi da dawa, bayan 'yan makonni mu bi da wake a tsakanin kunyoyi, gyaɗa kuma tana da nata ɓangaren. Da kaka hatsi ya shiga rumbu, kara ya tafi danga da murhu, tokar murhun ta koma juji. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa a ɗaure ta dami dami, a ɗora bisa rufin soro inda akuya ba ta kaiwa. To, a kan wannan harawa maganata take.

Mai karatu ya sani, awaki da tumakin da ke gidan manomi galibi ba nasa ba ne, na matan gida ne. Haka abin yake a gidana. Akwai wata yarjejeniya tsakanina da uwargida wadda ba a taɓa rubutawa ba, ba a ma taɓa faɗa da baki ba: ni ke ciyar da bisashenta, kuɗinsu nata ne in ta sayar, takinsu kuwa nawa ne. Duk damina suna turke. Kashinsu da ragowar abin da suka tattake da sharar tsakar gida, duka a juji ake tarawa. In bazara ta yi sai a kwashe a mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi tsibi kafin a baje. Wannan ba dabarata ba ce. Wani Bature mai bincike, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano, ya bi ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano tun cikin shekarun 1960, ya rubuta yadda mutanensu ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, duk da yawan jama'a. Abin da ya ba masana mamaki, kakanninmu a bayan jaki suke ɗauke da shi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, harawa ma ta yi daraja. Masu kiwon ragunan layya suna zuwa da mota har ƙofar gida, su ɗaga kai su dubi soro, su yi tayi mai sa zuciya rawa. Da yawa cikin maƙwabtana sun sallama. Ban ga laifinsu ba. Wanda ɗansa ke kwance a asibiti ba a yi masa lissafin baɗi. Amma na ga abin da ke biyowa baya. Wanda ya sayar da harawa da kaka, kafin ruwa ya sauka bisashen gidansa sun rame, sai a kai su kasuwa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ba akuya, ba taki. Ba taki, sai ko dai ya ci bashin buhu, ko ya zuba ido wuta-wuta ta yi fure a gindin dawarsa, don kuwa wannan ciyawa ba inda ta fi so kamar ƙasar da ta gaji. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, ban musa ba, ni ma nakan ɗan barbaɗa in na samu hali. Sai dai ba ya sa jigawa ta riƙe laima yadda takin gida ke yi.

Gawo uku ne a gonar, ban yarda a sa musu gatari ba. Itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya zubo 'ya'ya awaki su ci. Geron gindinsa kullum ya fi na sauran gona tsawo.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙin sabon abu. Wakenmu yanzu a buhun nan mai ruɓi uku muke adana shi, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure bakinsa tam iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Kaji kuma kafin hunturu muna ɗiga musu rigakafin da ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

Kada kuma a zaci mun yi sallama da kasuwa. Zogale da kuɓewa da yakuwa suna bayan ɗaki, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida ake yi, amma gishiri ba ya tsirowa a gona, haka sabulu da allura da kuɗin makaranta. Waɗannan daga ɗan fanshona suke fitowa, ko a kama zakara a kai kasuwa. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, mu ma awo muke yi kafin sabon gero ya nuna.

Babban ɗana, wanda ya yi karatun boko fiye da ni, bai gamsu ba. Ya zo da takarda da alƙalami ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, kuɗin harawar nan ya isa buhun taki har da canji, ga shi an huta da wahalar jaki." Na duba, lissafinsa na shekara ɗaya daidai ne. Na tambaye shi inda ya rubuta 'yan akuya biyun da uwarsa ta sayar bara aka biya wa ƙanwarsa kuɗin jarrabawa, ya ce wannan wani babi ne dabam. Ya roƙi in ba shi gayauna ya gwada nasa tsarin shekara uku, mu auna dami. Na yanka masa kusurwar gabas, na ce harawar da ya noma a can tasa ce, ya sayar wa wanda ya ga dama. Ta gandu kuwa tana bisa soro.