Kwana Bakwai a Westerplatte

Juma'a, 1 ga Satumba 1939
Da asuba, wajen biyar saura kwata, jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Schleswig-Holstein ya buɗe wuta a kan Westerplatte, wani ɗan zirin ƙasa a bakin tashar jiragen ruwa ta Danzig inda Folan ke da rumbun makamai. Mako guda ke nan da jirgin ya iso da sunan ziyarar zumunci, alhali cikinsa maƙare yake da sojoji. Masu tsaron wurin kimanin mutum 200 ne a ƙarƙashin Manjo Henryk Sucharski, kuma umarnin da aka ba su shi ne su riƙe awa 12 kafin ɗauki ya zo. Jamusawa sun kutso ta gefen gabas suna ganin abin kamar yankan wuƙa, sai suka tarar da bindigogi masu sarrafa kansu a ɓoye cikin itatuwa. Sau biyu ana kora su. Babbar igwa ɗaya tak 'yan Folan ke da ita, ita ma ba ta kai dare ba.

Asabar, 2 ga wata
Yau ce rana mafi muni. Da yamma jiragen sama samfurin Stuka suka yi ruwan bama-bamai. Ɗaya ya faɗa kan ɗakin gadi na 5, ya binne waɗanda ke ciki. Wayoyin sadarwa suka tsinke, ƙura ta rufe ko'ina. Da Jamusawa sun biyo baya da ƙafa a wannan lokaci, da magana ta ƙare. Ba su biyo ba.

Lahadi, 3 ga wata
Birtaniya da Faransa sun shelanta yaƙi a kan Jamus. Ba jirginsu ko ɗaya da ya nufo Danzig.

Litinin, 4 ga wata
Luguden wuta daga teku.

Talata, 5 ga wata
Sucharski ya tara hafsoshinsa ya kawo maganar miƙa wuya, mataimakinsa Kyaftin Franciszek Dąbrowski ya ƙi. Wasu na ɗaukar manjon a matsayin wanda zuciyarsa ta karaya, ni kuwa ina ganin mutum ne da ya sauka ƙarƙashin barikinsu, inda masu rauni suke, ya ga abin da ke can. Likita ɗaya ne, Mieczysław Słaby, kayan aikinsa sun lalace, raunukan mutane sun fara ruɓewa. Duk da haka kullum rediyon Warso na sanar da al'umma cewa Westerplatte na nan ba ta faɗi ba, kuma wannan ma nauyi ne a wuyan waɗanda ke ciki.

Laraba, 6 ga wata
Jamusawa sun turo taragon jirgin ƙasa cike da mai don su ƙona dajin da ke kare masu tsaron. Sau biyu suka gwada, ba su ci nasara ba.

Alhamis, 7 ga wata
Wuta ta dawo tun da asuba, har da na'urorin feshin wuta. Da hantsi aka ɗaga farar tuta. Mutum 15 ne 'yan Folan suka rasa a wannan mako, sauran aka tasa ƙeyarsu zuwa sansanonin fursunonin yaƙi. Janar Friedrich Eberhardt na Jamus ya bar wa Sucharski takobinsa don girmamawa, kuma wannan ne aka fi ba da labari. Amma mai kula da rediyon masu tsaron Westerplatte, Kazimierz Rasiński, an ware shi daga 'yan uwansa, aka nemi ya ba da lambobin sirrin sadarwa. Ya ƙi, daga baya Jamusawa suka kashe shi.