Washa Mai Kaurin Takarda: Inda Ake Samunta Da Yadda Ake Haɗa Ta Don Bakin Rautar Katako

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da data, mu leƙa shagon kafinta. Na san da na ce "rauta" hankalin da yawanku ya tafi kan akwatin nan mai ba da Wi-Fi. To akwai wata rautar, ta masu aikin katako. Inji ne mai moto, ana ɗaura masa baki mai haƙora, yana juyawa da gudun tsiya yana fiƙe gefen katako ko ya yanka masa rami. Adon da kuke gani a gefen ƙofar kabad ko allon gado, yawanci aikinta ne.

Abin da nake son mu tattauna ƙaramin abu ne ƙwarai, wata 'yar siririyar washa da in ta faɗi cikin garin katako sai dai ka haƙura da ita. Kaurinta milimita 0.1 ne, kusan kaurin takardar A4 guda ɗaya da muke sa wa firinta. Amma ita ce ke raba ƙofar da za ta shekara goma tana aiki da wadda za ta fara girgiɗi tun hunturun farko.

Bari in fara bayyana inda take zama. Akwai bakunan rauta da ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne, harhaɗa su ake yi. Sanda ce a tsakiya, sai a jera mata faifai masu haƙora, da boris, da zobba na tazara, a ɗaure da noti a sama. Irin waɗannan ake haɗin mace da namiji da su: baki ɗaya ya yanka rami a gefen wannan katako, ɗayan ya fitar da harshe a gefen wancan, a zura harshen cikin ramin. Bakin da ke fitar da harshe faifai biyu gare shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin harshen. Ka ƙara washa a tsakani, harshe ya ƙara kauri. Ka cire, ya rage. Lissafin ke nan gaba ɗaya.

Ni dai ba kafinta ba ne. Kawuna ne kafinta, a shagonsa na tashi, kuma har yanzu ranar da ba ni da aiki nakan je in zauna. Shi ne da hannu da ido, ni kuma ni ne mai waya da binciken intanet. A bara ya karɓi aikin kabad ɗin kicin na wata amarya, ƙofofi goma sha shida, saura kwana tara a kai jere. An riga an sayi katako an goge, kuɗin mutane ya shiga ciki. Ya sayo bakin mace da namiji na hannu a kasuwa, mai kyau, haƙoransa da kaifi, sai dai ya zo ba tare da 'yan washoshin da ke zuwa da sabo ba. Da aka yi gwaji a guntu, harshe ya shige rami ba tare da ya taɓa ko'ina ba, in ka girgiza har ƙara yake yi.

Yaron shagon ya ce, "Oga, a cika gam kawai a buga ƙusa, wa zai gani?"

Kawu bai ko kalle shi ba. Ya miƙo mini guntayen biyu ya ce, "Ɗana, ɗauko abin awon nan naka ka gaya mini nawa ya rage."

Abin awon da yake nufi ma'aunin kauri ne mai nuna lamba a ɗan allo, a kasuwa digital caliper ake ce masa. Na auna rami, 6.35. Na auna harshe, 6.05. Na ce, "Kawu, 0.3 ne tsakaninsu. In kun ƙara 0.2 zai zauna, ragowar ta zama wurin gam."

Dalilin da ya sa ya ƙi shawarar yaron yana da kyau ku sani, ko da ba ku taɓa riƙe zarto ba, domin ku ne masu sayen kayan. Farin gam na katako yana da ƙarfi ne idan fuskokin biyu sun manne da juna. In akwai fili a tsakani, gam ɗin yakan bushe ya janye, ya bar haɗin ba ƙarfi. Ga shi kuma katako ba ya zama wuri ɗaya a ƙasarmu: da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Haɗin da ya fara da sako-sako, shekara ɗaya ta ishe shi ya buɗe baki. Ƙusa kuma a siririn gefe tsaga katako take yi. Haɗi mai kyau shi ne wanda ke shiga da dannawar hannu ba sai da guduma ba, kuma in ka ɗaga ɗaya, ɗayan ba ya zamewa ya faɗi.

To ina za a samu 0.2?

Abu na farko da kowa ke kai wa hannu shi ne washar noti ta shagon kayan gini. Ba ta yi. Washar noti mai lamba 8 kaurinta milimita 1.6 ne, wato ninki takwas na abin da muke nema. Raminta 8.4 ne, don haka tana wasa a jikin sanda. Kuma buga ta ake yi da inji, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. In faifai ya zauna a kan abin da bai miƙe ba, zai riƙa juyawa a karkace, ramin da zai yanka ya fi yadda ake so faɗi, injin kuma ya riƙa rawa a hannu.

Hanya mafi inganci ita ce a sayi ta gaskiya, kuma a nan ne wayarku za ta yi amfani. Matsalar yawancin masu nema ita ce rashin sanin sunan abin. In ka rubuta washer kawai, ta noti za a jero maka. Abin da za ka rubuta a Google ko AliExpress shi ne: DIN 988 8x14x0.1. DIN 988 lambar ƙa'ida ce ta Jamus ta irin waɗannan siraran zobba. Lambar farko faɗin rami ce, ta biyu faɗin zoben daga waje, ta uku kauri. Ana samun 0.1, 0.2, 0.3, 0.5 har 1.0. Yawancin sandunan irin wannan baki ko dai milimita 8 ne, ko kuma 5/16 na inci, wanda ya kama 7.94, don haka mai rami 8 tana shiga duka biyun. Duk da haka ka auna sandarka kafin ka tura kuɗi. Illar wannan hanya ɗaya ce: kaya daga waje kan ɗauki makonni, mu kuma kwana tara muke da su.

Sai muka koma ga abin da ke kusa. Gwangwanin lemo ko na maltina na alminiyam, tsakiyar jikinsa kaurinta wajen 0.1 ne. Kusa da baki da gindi ya fi kauri, don haka tsakiyar kawai ake amfani da ita. Akwai kuma abin da ya fi gwangwani: tsohon farantin alminiyam na masu buga littattafai da kalanda, wanda suke ɗaurawa a injin ɗab'i. Yana zuwa da kauri irin 0.15 da 0.3, kuma a miƙe yake tun asali, ba ya lanƙwashewa kamar gwangwani. In kana da maɗaba'a kusa, guntu ɗaya zai ishe ka shekaru. Wanda ke Kaduna kuma ya leƙa Panteka, na Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa, ya tambayi masu aikin ƙarfe ko suna da siririn fallen tagulla, amma ya tafi da ma'auninsa a aljihu, don ido ba ya bambance 0.1 da 0.2.

Ga yadda muka haɗa namu:

1. A yanke gwangwanin da almakashi, a fitar da 'yan murabba'ai kamar santimita 3, guda biyar ko shida. A yi hankali, gefensa yana yanka kamar reza.

2. A jera su a kan juna, a sa su tsakanin guntayen katako biyu masu tauri, a matse sosai. Wannan shi ne sirrin aikin. In ka huda falle shi kaɗai, bakin diril zai cafke shi ya yayyaga, ya iya haɗawa da yatsanka.

3. A huda katakon da fallayen gaba ɗaya da bakin diril mai lamba 8, a hankali, ba dannawa da ƙarfi.

4. A kwance, a zana da'ira kewaye da ramin, a yanke da almakashi. Faɗin kada ya wuce na zoben tazarar da ke jikin bakin.

5. A shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, a goga kowace washa fuska biyu kaɗan, don a cire ƙaiƙayin da huda ta tayar a bakin ramin. In aka bar shi, washar 0.1 za ta zauna kamar 0.2 a gefe ɗaya.

6. A auna kowacce a wurare uku. Wadda lambobinta suka saɓa, a jefar.

Kawu ya sa biyu tsakanin faifan, ya ɗaure noti, ya sake saita tsayin bakin tunda faifan sama ya ɗan ɗaga, ya yi gwaji a guntu mai kauri ɗaya da katakon aikin. Harshe ya fito 6.25, ya shiga da tafin hannu. Kwana shida aka gama ƙofofin.

Sai dai in faɗa muku gaskiya game da gwangwani: alminiyam ƙarfe ne mai laushi, in ana ɗaurewa ana kwancewa yakan baje, kaurinsa ya canza. Maganin gaggawa ne. Ka yi aikinka da shi yau, ka yi odar ta ƙarfe, in ta iso ka canza. Takarda, kwali da leda kuwa kada ma a fara. Suna matsewa, zafi yana cin su, noti ya saki ana tsakiyar aiki.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi komai muhimmanci a rubutun nan, don Allah a karanta shi da kyau. Rauta tana juyawa sau 22,000 a minti ɗaya, wasu ƙananan har 30,000. A 22,000, juyi sama da 360 ke nan a daƙiƙa guda. Duk abin da ya kwance a wannan gudu harsashi ne.

Washa wurinta ɗaya ne: a jikin sanda, tsakanin faifai. Ba a naɗa falle a ƙafar baki don ta cika mariƙin injin. Na san ana yi, na gani da idona. Dalilin shi ne kasuwarmu ta haɗa kayan awo biyu. Akwai baki mai ƙafa milimita 6 da mai kwatan inci, wato 6.35. Akwai mai 12 da mai rabin inci, wato 12.7. A ido duk ɗaya ne. Mutum ya sa mai 6 a mariƙin 6.35, ya ga tana wasa, ya naɗa mata gwangwani ya ɗaure. Mariƙin ba zai kama ta ko'ina daidai ba, kuma da zafi da girgiza bakin zai iya zamewa ya fito yana juyawa. Maganin wannan shi ne a sayi mariƙi mai lambar da ta dace, ba wata dabara.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A zare filogi daga soket kafin a taɓa noti, kashe makunni kaɗai bai isa ba, balle a inda wuta ke zuwa ba sallama. Washar da ke kusa da boris ta taɓa zobensa na ciki kawai. In ta kai na waje, boris zai daina juyawa da kansa ya ƙona gefen katako. Bayan an ƙara washa, a tabbata noti ya hau zarensa gaba ɗaya. A duba haƙoran duk suna fuskantar inda injin ke juyawa, domin a wajen mayarwa ne ake kifa faifai. Kafin ka kwance ma, ka ɗauki hoton jerin da wayarka, shi zai nuna maka yadda za ka mayar. In injinka yana da abin rage gudu, baki mai faɗin da ya kusa inci biyu a sauko da shi wajen 18,000. Tabarau na kariya kuma dole ne.

Dabara ta ƙarshe ta masu waya ce. Duk saitin da ya yi daidai, ka rubuta shi a manhajar rubutu ta wayarka: wane baki, washa nawa, wane katako, wane wata. Musamman masu aiki da filawud, domin wanda aka ce maka 18 ne sau da yawa in ka auna bai cika ba, kuma na wannan kamfani ya bambanta da na wancan. Bayan 'yan watanni za ka ga kana da jadawalin da zai rage maka ɓarnar guntaye da lokaci.

Abin da ya sa na kawo wannan batu shafin fasaha shi ne, kafintocinmu ba hannu suka rasa ba. Sau da yawa abin da ke tsakanin aikinsu da kayan waje da ake yabo bai wuce 0.2 ba, da ma'aunin da zai nuna ta, da sanin sunan da za a rubuta a nemo ta. Biyun ƙarshe kuwa, mai waya a hannu zai iya taimakawa da su.

In kana da kafinta a gida ko a unguwa, tura masa wannan ko ka karanta masa. Masu sana'ar da ke cikinmu kuma, ku faɗa mana a ƙasa da me kuke cike irin wannan tazara a shagunanku, da kuma garin da kuke samun ta ƙarfe ba sai an yi oda ba, don wasu su amfana.