Yadda Muka Ɗumama Garejinmu Lokacin Ɗari

Duk wanda ya taɓa kwana a Wudil cikin watan Janairu ya san ɗarin bakin kogi dabam yake. Da rana hazo yakan rufe gada, har da ƙyar ake hango motocin da suka taso daga Kano za su Maiduguri. Da dare kuwa iskar hunturu takan biyo ruwa ta shigo gari, ma'aunin zafi ya sauka wajen digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka. Mutum yana da bargo da rigar sanyi. Ɗan tsako na kwana ɗaya ba shi da kome sai ɗan gashin da ya fito da shi daga ƙwai.

Mu mutum bakwai ne a gida: mu biyu, da 'ya'yanmu huɗu, da kakarsu. Muna da gareji mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 12. Motar da aka gina shi dominta mun sayar da ita bayan da aka janye tallafin man fetur a 2023, sai babur ya gaji wurin. A ƙarshen 2024 muka yi shawara mu sa 'yan tsaki 200 na kajin nama a ciki. Jarin daga adashin uwargida ya fito, ribar kuwa mun riga mun yi mata wuri, watau kuɗin makarantar yara biyu. Masu saye ba su yi wuya ba, gama tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a garin nan a 2001 masu gashin kaza da masu sayar da abinci suka yawaita. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ɗumi.

Wani malamin dabbobi ya bayyana mana cewa a makon farko ɗan tsako yana bukatar zafin digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye. Kowane mako a rage kamar digiri 3, har gashinsa ya cika wajen mako na huɗu ko na biyar. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, shi ya sa takan tattara 'ya'yanta ƙarƙashin fikafikanta su kwana lafiya. Wanda ya sayi 'yan tsakin inji, shi ne ya zama uwarsu. In sanyi ya kama su sukan hau kan juna neman ɗumi, na ƙasa su mutu kafin gari ya waye.

Abu huɗu muka auna. Na fari ƙwan lantarki mai zafi, irin mai wat 250 wanda yake ba da jan haske. Ba hayaƙi, ba toka, amma ranar da aka ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, shi ke nan. Har wa yau, ƙwayayen fitila na zamani marasa cin wuta haske kaɗai suke bayarwa, ba su ɗumama kome. Na biyu fitilar kananzir ko risho. Kananzir ya yi tsada, kaza kuwa in ta ture fitila cikin ɓuntu, gobara ta tashi. Na uku abin ɗumama mai aiki da gas, wanda ake rataye shi kamar laima. Shi ne zaɓin maigida, domin zafinsa ba ya hawa da sauka. Amma da muka haɗa kuɗinsa da na tukunyar gas da tiyo, sai muka ga ya kusa cinye sulusin jarin, alhali don ɗaruruwan tsaki da yawa aka yi shi. Na huɗu gawayi cikin tukunyar ƙasa. Uwargida ta ce, "Maigida, daidai ruwa daidai tsaki. Gawayi yana bakin ƙofa, tukunya tana kasuwa, mu kuwa muna da ƙafafun tashi da dare." A kan gawayi muka tsaya, ƙwan lantarki biyu su taimaka sa'ad da akwai wuta.

Daga nan ne babbar magana ta taso. Kaka ta ba da shawara a liƙe taga da kowace kafa da leda domin kada ɗumi ya fita. Babban ɗanmu, mai shekara 16, ya ce zai shimfiɗa tabarma a ciki ya riƙa lura da su. Dukansu biyu da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma da an haɗa shawarar nan biyu, da ran yaron aka sa a caca.

Ga dalili. Duk abin da yake ci da wuta, ko gawayi, ko kananzir, ko gas, ko fetur cikin janareto, yana shan iskar da muke shaƙa. In iskar ta yi kaɗan sai ya riƙa fitar da wata iskar guba wadda masana suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yakan kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau har sau 200 da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, sa'an nan barci mai nauyi. Wanda yake barci dā ma ba zai ji ko ɗaya daga cikin alamun nan ba. Mutane da yawa suna tsammani in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, to hatsari ya wuce. Ba haka ba ne. Jan garwashin nan mai kyaun gani yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka.

Kaka ba ta yarda nan da nan ba. Ta ce, "Ni da na yi shekara hamsin ina kwana da kasko a ɗaki, me ya same ni?" Maigida ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Amma ɗakinki na ƙauye jinka ce, iska tana ratsa ciyawa, ƙofar kuma asabari ne. Wannan siminti ne da kwano da ƙofar ƙarfe. Abin da ya shiga ba shi da hanyar fita." Ta yi shiru, can ta ce, "To, a bar masa hanci ya yi numfashi." Tun daga ran nan sunan tagar sama a gidanmu hancin gareji.

Kafin wuta ta shiga, fetur ya fita. Mun kai babur da jarkar mai can bayan gida ƙarƙashin rumfa, muka wanke daɓen da sabulu da toka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya yi ta rarrafe har ya sami wuta. Saboda wannan ne a Amurka dokar gini ta ce bakin wutar abin ɗumama gareji ya yi nisan inci 18 daga ƙasa. Mu da za mu ajiye garwashi kusa da ƙasa, tilas ne kada ɗigon mai ya kwana a ɗakin.

Bango ɗaya ya raba garejin da ɗakin 'yan matanmu. Magini ya hau ya toshe ratar da ke tsakanin bangon da rufi, ya kuma cike ramin da wayar lantarki ta bi. Ƙasan babbar ƙofa da tagar gabas, inda hunturu yake bugowa, muka rufe da buhuna. Tagar sama ta yamma da ramukan bulo da ke kusa da rufi muka bar su a buɗe dare da rana, da ragar waya saboda ɓera da muzuru. Ka'idar ke nan: a tare iska a ƙasa inda tsaki suke, a sake ta a sama.

A tsakiya muka yi da'ira da falankin silin, faɗinta ƙafa 8, tsayinta inci 18. Da'ira muka yi domin kada a sami lungun da za su cunkushe. Muka zuba ɓuntun shinkafa mai kaurin inci 2. Ran Juma'a, ranar da Kara take ci, muka sayo tukwanen ƙasa biyu masu kauri. Kowace muka ɗora ta a kan bulo biyu bisa farantin ƙarfe, muka kewaye ta da ragar waya yadda ba tsakon da zai taɓa ta, ba kuma garwashin da zai faɗa cikin ɓuntu. Bisa kowace tukunya muka rataye guntun kwano da waya domin ya mai da zafin ƙasa. Bokitin yashi da na ruwa suna bakin ƙofa. Gawayi kuwa a tsakar gida muke hura shi, sai ya kama sarai mu shigar. Kwana ɗaya kafin tsakin su iso muka fara ɗumama ɗakin, domin daɓen siminti yana daɗewa bai saki sanyi ba.

Muka raba dare uku: ƙarfe 9 uwargida, ƙarfe 1 maigida, ƙarfe 4 da rabi babban ɗanmu. Dokar ɗaya ce: ka buɗe ƙofa ka dakata kaɗan, ka shiga, ka ƙara garwashi, ka duba, ka fito. Ba zama, ba gyangyaɗi. Wanda ya ji kansa ya sara ya fito nan take, ya bar ƙofa a buɗe, ya ta da wani. Akwai ma'aunin zafi a rataye daidai tsayin tsako, amma tsakin da kansu sun fi shi faɗin gaskiya. In sun taru jikin raga suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki da baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun koma ɓangare guda, iska tana shigowa ta wani wuri. In sun bazu ko'ina, waɗansu suna ci, waɗansu suna barci, sai ka koma shimfiɗarka da kwanciyar rai.

A mako na uku muka cire tukunya ɗaya, a na biyar muka cire ta biyun. Cikin 200, guda 193 suka kai kasuwa. An biya kuɗin makaranta, jarin uwargida ya koma hannunta.

'Yan'uwa masu karatu, ba kowa ke kiwon kaji ba, amma kusan kowane gida yana da tsoho ko jariri da ake jin tausayinsa lokacin ɗari. In za ku sa kasko a ɗaki, ku ɗumama ɗakin da shi tun da sauran ido biyu, taga a buɗe, sa'an nan ku fitar da shi waje kafin kowa ya kwanta. Ku ƙara bargo, ku sa wa yara hula da safa. Janareto kuma kada ya kwana cikin gareji ko zaure ko ƙarƙashin tagar ɗakin barci. Wanda kuka tarar ya galabaita a ɗakin da aka kwana da wuta, ku fitar da shi sarari, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yanzu a gidanmu kaka ce da kanta take zagayawa da dare tana tambaya ko an fitar da kasko.