Gangar da ta koma cikin kwamfuta

'Yan uwa, mu da muke haɗa kiɗa a ƙananan situdiyo na Agege da Idi-Araba, da wuya a samu wanda ya taɓa ganin TR-808 ido da ido, amma kullum da sautinta muke neman abinci. Kamfanin Roland na Japan ne ya fito da wannan na'urar kiɗa a 1980. Kasuwa ta ƙi ta saboda ba ta yi kama da gangar gaske ba, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kusan 12,000. Da ta yi arha, matasan mawaƙan Amurka suka kwashe ta, dum ɗinta mai girgiza ƙirji ya bazu duniya.

Yau ta asalin ta fi ƙarfin aljihunmu, manhaja ce ta rufa mana asiri. Tun 1997 ReBirth ta kwaikwayi sautinta a kwamfuta, a 2018 Roland ma ya fitar da tasa. Manhajojin da suka fi inganci lissafa yadda wuta ke ratsa kayan cikin na'urar suke yi, shi ya sa mukan ja dum ɗin ko mu gajarta shi yadda muka so.

Abin da ke damunmu shi ne, na'urar da ta yi shekara uku kacal a kasuwa ta samu masu adana muryarta, su kuwa dattawanmu makaɗan kalangu da kotso suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Makirfo da kwamfuta muna da su. Mu gayyato su situdiyo, mu biya su haƙƙinsu, mu naɗi hannunsu tun suna raye.