Yaron da na ce malalaci ne

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata kwaleji a Dogon Dutsi, akwai yaron da har yau nake jin nauyinsa a zuciyata. Daga wani ƙauye na yankin Tibiri ya zo, yana zaune gidan kawunsa. A lissafi babu mai kama ƙafarsa. Da ya shiga ajin BEPC sai ya fara canzawa: ya koma bencin baya, ya daina wanka, ya bar ƙwallo, yana cewa 'yan aji na gulmarsa alhali babu wanda ya yi magana.

Ni na ce lalaci ne, na sa shi durƙuso ba sau ɗaya ba. Kawunsa ya zo lakkol ya ce mani, "Mushe, tramol yake sha, ka ƙara masa bulala." Uwarsa ta ce sammu ne, aka yi turare, aka je gidan bori. Sai bayan shekara guda, da ya fara jin muryoyi, aka kai shi asibiti a Yamai.

Daga baya na karanta wani bincike na shekarar 2021, wanda masana na ƙungiyar ENIGMA suka yi. Sun tattara hotunan ƙwaƙwalwa na MRI na mutum 3,169 daga cibiyoyi 31 na duniya. Fiye da rabinsu masu alamomin farko ne na taɓin hankali, irin waɗanda na gani a yaron nan. An gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwarsu bai kai na masu lafiya kauri ba. Waɗanda ciwon ya kama daga baya kuwa, raguwar ta fi bayyana a wasu sassa, har da sashen da ke sarrafa sauti da magana, da wanda ke gane fuskoki. Da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Lokacin da nake hukunta shi, mai yiwuwa abin ya riga ya fara aiki a cikin kansa.

Amma kada a ɗauki abin fiye da yadda yake. Bambancin kaɗan ne, sai an haɗa ɗaruruwan mutane yake fitowa. Hoton mutum ɗaya ba ya faɗin makomarsa. Kuma cikin masu irin waɗannan alamomi, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke kamuwa cikin shekara 3. Mafi yawan saura ba sa kamuwa.

Ke nan mu da ba mu da MRI a Arewa ba mu yi asarar komi ba wajen ganowa da wuri. Idon malami da na uwa sun isa su lura: saurayi ko budurwa ya janye daga mutane, karatu ya faɗi haka kawai, barci ya lalace, zargi ya yi yawa. In haka ta ɗauki makonni, a zauna da yaro a tambaye shi cikin lalama, a raba shi da wiwi, don tana ƙara haɗarin, a kai shi likita. Addu'a ba ta hana wannan.

Yaron yana shan magani, yana noman gero tare da mahaifinsa. Bai koma aji ba. Ranar da muka haɗu a kasuwar Dutsi, shi ya fara gaishe ni, na kasa haɗa ido da shi.