Abin da Na Rufe da Faranti

A gyaran mota akwai aikin da in ka kuskure sai ka kwance ka sake ɗaurawa, akwai kuma wanda sau ɗaya ake yin sa. Huda bonet na kabon faiba domin a saka masa fil yana cikin na biyun. Ramuka biyu ne kacal, kowanne da kyar ɗan yatsa zai shige, amma in bakin injin huda ya riga ya ratsa, ba guduma, ba walda, ba bodi fila da za ta mayar da wurin yadda yake. Na yi wannan aiki a motar ɗan yayata na ɓata shi. Ɓatawar kuskure ce irin ta kowane mai sana'a. Laifin da nake son in faɗa shi ne abin da na aikata bayan idona ya ga ɓarnar.

Wanda bai saba ba zai ce me ya kai mutum huda sabon bonet mai tsada. Dalilin iska ce. Bonet na ƙarfe da mota ke fitowa da shi daga kamfani yana da makulli mai hawa biyu, in na farko ya saki na biyu ya tare, kuma maƙalin yana ɗaure ne a jikin ƙarfe. Yawancin bonet na kabon masu sauƙin kuɗi da matasa ke odarsu kuwa, fatar sama ce kawai kabon, ƙashin da ke ƙasa faiba ce aka manna, maƙalin kuma a jikin wannan faiba yake. Zafin inji na gasa shi, ramukan titi na girgiza shi. Ƙarfin iska kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. A gudun kilomita 60 cikin awa, iskar da ke dukan faɗin murabba'in mita ɗaya kai tsaye tana da nauyin kimanin kilo 17. A kilomita 120 ta kusa kilo 70. Da zarar bakin bonet ya ɗaga ta sami wurin shiga, sai ta kife shi a kan gilashin gaba, alhali mota na cin mita 33 a kowace daƙiƙa, direba bai ganin komai.

Shi ya sa ake kafa sanduna biyu a ƙarfen da ke riƙe da lagireto, su ɓullo ta ramukan bonet, a zura musu fil ta sama. Dabarar ta tsufa. Motar Shelby GT350 ta 1965 a Amurka da bonet na faiba da fil ɗinsa ta fito, sannan a 1969 an yi wata Plymouth Road Runner wadda bonet ɗinta ba shi da hinji ma sam, fil huɗu ne ke riƙe da shi, in za a duba inji sai a ɗauke shi ɗungurungum.

Duk wannan na san shi. Abin da na ɗauka na sani alhali ban sani ba shi ne halin kabon ɗin kansa. Na san sunansa ya yi tashe tun 1981, lokacin da McLaren ta fito da motar tsere ta MP4/1 mai gangar jikin kabon, direbanta John Watson ya yi mummunan hatsari a Monza ta Italiya ya fito da ƙafarsa. Sai na ƙudurce cewa abin da ya jure wannan ba zai ji bakin huda ba. Ashe ƙarfin nasa a tsawon zaren yake. Zaruruwa ne da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an saƙa su, an jera saƙar hawa-hawa, an haɗe da gam mai ƙarfi. Ka ja su ta tsawo ba za su tsinke ba, amma ka tura su ta tsakiya sai hawa ya rabu da hawa, kamar tabarmin da aka liƙe da juna aka soka musu sanda.

Ranar da yaron ya kawo motar na auna komai yadda ya kamata. Na kafa sandunan, na shafa giris a kawunansu, na sauke bonet a hankali har ya taɓa, giris ya bar mini tabo a ciki. Daga nan hannu ya koma ga abin da ya saba. Na ɗauki bakin da nake huda ƙarfe da shi, wanda ya riga ya dakushe, na fara da babba kai tsaye, ban manna salatef ba, ban tara katako a bayan wurin ba, na huda daga ciki zuwa waje ina dannawa da ƙarfin kafaɗa. Ramin hagu ya fita da ɗan dama. A na dama sai na ji wani ƙas, ba mai ƙarfi ba. Da na leƙo ta sama na ga bakin ramin ya yi gashi, zare ya miƙe cirko-cirko, kuma a kewaye shi fentin mai sheƙi ya yi fari-fari, faɗin bai wuce murfin kwalba ba. Na danna da babban yatsa, na ji wurin ya ɗan lotsa ya dawo.

A cikin kwalin fil ɗin akwai faranti biyu masu zagaye da ake ɗaurawa a kan ramin don kada fil ya goge fenti. Na ɗora ɗaya a kan ɓarnar, ya rufe ta ruf, ko alama babu. Na tsaya ina kallo, zuciyata na ce mini ai ƙarfe ma in ya tsage a bakin rami washa ake sa masa ya zauna. Na ƙara huda ƙananan ramukan sukurori a daidai inda hawa ya riga ya rabu, na ɗaure tamau.

Da yamma yaron ya zo ɗauka, ya zagaya motar yana murmushi.

"Kawu, ya yi kuwa?"

"Ya yi, ɗana. Sa mai ka tafi."

Amsar nan ita ce laifin. Ban so ya ji cewa kawunsa da ake kawo wa aiki daga nesa ya ɓata masa abin da ya daɗe yana tara wa kuɗi.

Ƙarfe in zai gaza yakan ba da sanarwa: ya lanƙwashe, ya yi tsatsa, ya yi ƙara. Kabon ba ya haka. Rabuwar tana ci ne a ɓoye, duk girgiza ta ƙara mata kaɗan, ruwan wanki ya shiga ta bakin da ban shafe da gam ba, sama kuwa sumul. Bayan 'yan watanni, yana kan hanyar Zariya da ƙanwarsa a gefe, babbar mota ta wuce su, farantin dama ya tsinko da guntun bonet ɗin. Kusurwar ta ɗaga tana kaɗawa, maƙalin tsakiya ya tsage faibar da ke riƙe da shi. Fil ɗin hagu ne kaɗai ya tsaya har yaron ya samu ya gangara gefen titi. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo.

Da ya kira ni, cewa yake kayan ne jabu, zai nemi wanda ya sayar masa. Ƙofa ce ta buɗe mini a karo na biyu, da na yi shiru da magana ta ƙare a kan mutumin da bai ji ba bai gani ba. Na ce masa ya bar mai kaya, ni ne. Na gaya masa abin da na gani ranar da kuma abin da na rufe. Ya yi jim, sannan ya ce, "Kawu, da ka faɗa mini ai da ban ɗauki yarinyar nan ba." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

Na ɗauki bonet ɗin na kai wa wani dattijo mai aikin faiba, wanda ke gyaran bamba tun ina yaron gareji. Bai tambaye ni komai ba. Ya zaro kwabo daga aljihu ya riƙa ƙwanƙwasa fatar a hankali. Nesa da ramin ƙarar na fita garau, yana matsowa sai ta dushe ta koma dum-dum. Ya bi iyakar da alli, sai ga da'ira ta fi tafin hannu. Ya koma ramin hagu, wanda nake ganin na tsira da shi, can ma ya zana ƙarama.

"Malam, kai maƙerin ƙarfe ne," in ji shi. "Wannan kuwa saƙa ce. Sanin wurin bugu shi ne ƙira."

A wurinsa na koyi aikin daga tushe. Ana manna salatef ciki da waje, a tara katako a bayan inda baki zai ɓullo. Ramin farko ƙarami ne ƙwarai, don ya nuna wuri kawai. Daga nan a koma ta sama a faɗaɗa da kaifaffen baki mai hawa-hawa ko ɗan dutsen gurza, inji na gudu hannu na bi sannu, ba dannawa. Ramin ƙashin ƙasa ya fi na sama faɗi, kuma dole a bar wa sanda sarari, domin bonet ba a miƙe yake sauka ba, kewayowa yake a kan hinji. A goge bakin da sanfefa, a shafe shi da gam na efoksi don ruwa kada ya sami hanya. A sa faranti ko babbar washa ta ƙasa, sukurori su ratsa su kama da noti, yadda nauyi zai bazu maimakon ya taru a fata. Kada a ɗaure har fata ta lotsa. Makullin kamfani kuma a bar shi yana aiki, fil ƙari ne a kansa. Sannan a sa takunkumi da tabarau a rufe injin mota da zane, don ƙurar kabon na cutar da huhu, tana sa ƙaiƙayi, kuma wuta na bi ta cikinta, in ta shiga wayoyi sai ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

Na biya kuɗin sabon bonet, na huda shi a gaban yaron da dattijon. Wannan bashin ya biyu. Ɗaya bashin bai biyu da wuri ba, don an daɗe in na ce masa aiki ya yi sai ya sunkuya ya duba da kansa, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu a garejina doka ce, ga yara da ni kaina: duk abin da za a ɗora masa faranti, ko fenti, ko kafet, sai mai mota ya gan shi tsirara tukuna. In an ɓata, a kira shi a nuna masa kafin a rufe, shi zai zaɓi ko a gyara ko a sake. Na rasa kuɗi ta wannan hanya fiye da sau ɗaya, wasu ma sun ɗauke motarsu sun tafi wani wuri. Duk da haka ba na sassauta dokar, domin wanda zai hau motar ya yi gudun 120 da iyalinsa a ciki shi ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ke ƙarƙashin farantin.